Ƙungiyoyin Ƙwallon Ƙafa na Yara: Koke-koken Iyaye da Hanyar Zaɓen Wadda Ta Dace

Gabatarwa

Wasan ƙwallon ƙafa ya daɗe da samun gindin zama a birane da ƙauyukan ƙasar nan. Nijeriya ta ci kofin duniya na yara karo na farko a ƙasar Sin a shekarar 1985, sannan ta sake cinsa a 1993 da 2007 da 2013 da 2015, wato sau biyar ke nan. A shekarar 2009 kuma ƙasar ta karɓi baƙuncin gasar ta 'yan ƙasa da shekara 17, inda aka buga wasu daga cikin wasannin a filin Sani Abacha na Kano, da na Ahmadu Bello na Kaduna, da na Abubakar Tafawa Ɓalewa na Bauchi. Wannan tarihi, tare da labarin dukiyar da wasu 'yan wasa ke samu a Turai, ya sa ƙungiyoyin horar da yara sun yawaita, iyaye kuma suna kai 'ya'yansu cike da fata.

Sai dai ba kowace ƙungiya ce ke cika wannan fata ba. An shirya wannan bayani ne domin iyaye da masu riƙon yara, da kuma jami'an ƙananan hukumomi da masu riƙe da sarautun gargajiya waɗanda ake kai wa ƙorafi. Jigon bayanin shi ne cewa ana auna ƙungiya da abin da yaro ke samu a cikinta a kowane mako, wato damar buga wasa, da lafiyar jiki, da ci gaban karatu, da tarbiyya. Alkawarin fita waje ba ya cikin abin awo.

Ire-iren Ƙungiyoyin Yara

Kafin a yi wa ƙungiya hukunci, wajibi ne a san ko wace iri ce, domin kowace da abin da za a iya tsammani daga gare ta.

1. Ƙungiyar unguwa ko ta ƙauye. Galibi wani tsohon ɗan wasa ko mai sha'awa ne ke kafa ta, ana atisaye a filin makarantar firamare ko filin idi, kuma da karo-karo ake sayen ƙwallo da riguna. Amfaninta kusanci da gida da sauƙin kuɗi. Rauninta shi ne rashin horarren koci da rashin rajista.

2. Ƙungiyar makaranta. Tana ƙarƙashin malamin wasanni da shugaban makaranta, tana shiga gasar makarantu. Ita ce ta fi saura kiyaye karatun yaro, kuma shekarun yara a rubuce suke a cikin rajistar makaranta.

3. Makarantar horar da 'yan wasa, wadda aka fi sani da akadami. Wasu na 'yan kasuwa ne, wasu na gwamnati. Daga cikin tsofaffin akwai makarantar ƙwallo ta Pepsi, wadda Kashimawo Laloko ya kafa a shekarar 1992, inda John Mikel Obi ya samu horo a reshenta na Jos. Akwai kuma ta gwamnatin Jihar Kwara da ke Ilorin. A irin wannan rukuni ne ake samun nagartattun wurare, a nan ne kuma ake samun na bogi.

4. Ƙungiyar matasa ta babban kulob. Manyan kulob-kulob da ke buga gasar ƙasa kan riƙe ƙungiyoyin ƙananan 'yan wasa, kuma ta hanyar gwaji ake shiga.

Manyan Koke-koken Iyaye

Na farko shi ne yawan neman kuɗi. Ana fara wa da kuɗin fom, sai na riga, sai na mota zuwa gasa, sai na tantancewa, ba tare da rasit ba kuma ba tare da an faɗi jimillar abin da za a biya a shekara ba. Ga manomi ko ƙaramin ma'aikaci wannan nauyi ne babba, musamman idan an sayar da dabba ko hatsi aka biya.

Na biyu shi ne zaman benci. Yaro na zuwa atisaye kullum, amma ranar wasa sai a sa wasu, shi kuwa ya ƙare da ɗaukar ruwa. Dalilin haka sau da yawa shi ne kocin ya fi damuwa da cin kofi fiye da koyarwa, ko kuma ƙungiyar ta tara yara fiye da kima saboda kuɗin rajista. Yaron da ba ya buga wasa ba ya koyon wasa.

Na uku shi ne rage shekaru. Ana sanya ƙarti a gasar yara, su danne na ƙwarai, wani lokaci har su ji musu rauni. Wasu ƙungiyoyin ma su ne ke ba iyaye shawarar a yi wa yaro takardar rantsuwa ta ƙarya. Wannan ɗabi'a ta jawo wa ƙasa abin kunya fiye da sau ɗaya. A shekarar 1989 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta dakatar da Nijeriya daga gasar matasa har shekara biyu saboda saɓanin ranakun haihuwar wasu 'yan wasa. Tun daga 2009 FIFA ta fara amfani da na'urar MRI wajen ɗaukar hoton wuyan hannu, domin a ga ko ƙashin ya gama haɗewa, abin da ke nuna mutum ya wuce shekarun girma. A shekarar 2016 'yan wasa 26 ne suka faɗi wannan gwaji a sansanin ƙungiyar 'yan ƙasa da shekara 17, ana dab da karawa da Jamhuriyar Nijar, kuma Nijar ɗin ce ta fitar da Nijeriya daga gasar. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Na huɗu shi ne tauye karatu. Ana sa atisaye da safe lokacin makarantar boko, ko da yamma lokacin Islamiyya, ana kuma tafiya gasa a tsakiyar zangon karatu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9, shida a firamare uku a ƙaramar sakandare, ta kuma ɗora alhakin hakan a kan iyaye. Ya kamata a san cewa masu kai wa ga matakin ƙwararru kaɗan ne ƙwarai. Wani marubucin Ingila mai suna Michael Calvin ya ƙiyasta a littafinsa na 2017 cewa daga cikin yara kusan miliyan 1.5 da ke buga ƙwallo a ƙungiyoyi masu tsari a Ingila, kimanin 180 ne kawai za su kai ga buga gasar Firimiya. Idan haka lamarin yake a ƙasar da ke da kayan aiki, to yaron da ya bar makaranta saboda ƙwallo ya yi saki-na-dafe.

Na biyar shi ne mugun hali. Akwai kocin da ke zagi da duka, akwai mai sa yara gudu cikin tsakar rana a matsayin horo, akwai kuma wanda ke keɓewa da yara ba tare da sanin iyaye ba.

Na shida, wanda ya fi saura haɗari, shi ne alkawarin kai yaro Turai. Wani kan zo da takardar gayyata mai tambarin wani kulob, ya nemi kuɗin fasfo da biza da jirgi. Wani lokaci ya ɓace da kuɗin, wani lokaci kuma ya kai yaron wata ƙasa ya yasar da shi. A shekarar 2015 binciken BBC ya gano cewa wani kulob a ƙasar Lawos da ke nahiyar Asiya ya shigo da yara 23 daga Afirka ta Yamma, wasunsu 'yan shekara 14, zuwa wata makarantar ƙwallo marar rajista. A shekarar 2023 kuma hukumomin Fotugal sun ceto matasa 47 daga wata akadami a arewacin ƙasar, 36 daga cikinsu ƙananan yara ne.

Abin da Ƙa'idojin FIFA Suka Tanada

Hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya, NFF, mamba ce a FIFA, saboda haka ƙa'idojin FIFA game da sauya sheƙar 'yan wasa tsakanin ƙasashe sun hau kan kulob-kulob ɗin ƙasar nan. Sanin waɗannan ƙa'idoji kaɗai ya isa ya kare iyaye daga yawancin 'yan damfara.

Sashe na 19 ya hana ɗaukar ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata sai ya cika shekara 18. Togaciyar da aka yi 'yan kaɗan ne: idan iyayen yaro sun ƙaura zuwa ƙasar bisa dalilin da bai shafi ƙwallo ba, idan yaron da kulob ɗin duk suna cikin kilomita 50 daga kan iyakar ƙasashen biyu, idan sauyin tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai ne ga mai shekara 16 zuwa 18, sai ɗan gudun hijira da ɗalibin musayar karatu. Manyan kulob ma ba su tsira ba da suka karya wannan doka, domin an hukunta Barcelona a 2014, Real Madrid da Atletico Madrid a 2016, da Chelsea a 2019.

Misalin Ahmed Musa ya isa darasi. Ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010 yana Kano Pillars, kulob ɗin VVV-Venlo na ƙasar Holan ya saye shi, amma dole ya jira har ranar 14 ga Oktoba 2010 da ya cika shekara 18 kafin a ba shi izinin buga wasa. Haka nan Victor Osimhen, wanda ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta 2015, bai koma Wolfsburg ta Jamus ba sai a Janairun 2017 bayan ya cika 18. Idan irin waɗannan sun jira, duk wanda ya ce zai sama wa ɗan shekara 14 kwantiragi a Turai maƙaryaci ne.

Game da zuwa gwaji a ƙasar waje, gyaran da aka amince da shi a shekarar 2022 ya tanadi cewa yaro daga wajen Turai ba zai je gwaji ba sai a kakar da zai cika shekara 16, da rubutaccen izinin iyaye, da fom na musamman da kulob ɗin zai cike ya miƙa wa FIFA. An kuma haramta neman kuɗi ko karɓar kuɗi saboda gwajin. Dangane da dillalan 'yan wasa, tun daga 2023 sai wanda ke da lasisin FIFA ne ke da izinin yin wannan aiki, ana samun lasisin ta hanyar jarrabawa, kuma FIFA na wallafa sunayen masu lasisi a shafinta na intanet. Dillali ba shi da ikon tuntuɓar yaro sai da rubutaccen izinin mai riƙonsa. Har ila yau, ba a ƙulla wa ɗan ƙasa da shekara 18 kwantiragin ƙwararru da ya wuce shekara uku.

Akwai kuma tanadin da ya shafi ladan horarwa. Idan ɗan wasa ya zama ƙwararre, kulob ɗin da ya ɗauke shi ne ke biyan diyyar horo ga ƙungiyoyin da suka rene shi tun daga shekara 12. Idan kuma aka sayar da shi zuwa wata ƙasa, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da ya zauna a cikinsu tsakanin shekara 12 da 23. Alal misali, in an sayar da shi a kan Yuro miliyan ɗaya, za a ware Yuro 50,000, ƙungiyar da ta riƙe shi shekara huɗun farko kuma rabonta Yuro 10,000 ne. Amma ƙungiyar da ta yi wa yaro rajista da hukuma ce kaɗai ke iya neman wannan haƙƙi. Abin lura a nan shi ne, ƙungiya ta gaskiya tana sa ran ladanta daga kulob ɗin da zai ɗauki yaron nan gaba, don haka ba ta da dalilin tatsar iyaye.

Alamomin Ƙungiyar da Ta Dace

Gani ya kori ji. Kafin a biya ko sisi, ya kamata uba ko wakilinsa ya je filin atisaye sau biyu ko uku ba tare da sanarwa ba, ya duba waɗannan abubuwa:

1. Rajista. A nemi ganin shaidar rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, a kuma tabbatar a ofishin hukumar. Takardar Hukumar Rajistar Kamfanoni tana nuna an yi rajistar suna ne kawai, ba ta nuna ƙwarewa.

2. Koci. A tambayi inda ya samu horo. Cibiyar Nazarin Wasanni ta Ƙasa da ke Legas na horar da masu koyarwa, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, kuma na da lasisi hawa-hawa. A kuma bincika halinsa a wurin mai unguwa da iyayen yaran da suka riga suka shiga.

3. Rabon yara bisa shekaru. Ɗan shekara 10 ba ya atisaye da ɗan 17. Ƙananan yara sun fi koyo a ƙaramin fili, biyar-biyar ko bakwai-bakwai, da ƙwallo mai lamba 3 ko 4, domin a haka kowa ke taɓa ƙwallo sau da yawa. Ƙwallo mai lamba 5 ta manya ce da matasan da suka tasa.

4. Damar wasa. A tambayi yawan yaran da ke cikin rukuni, da yadda ake raba lokacin wasa. Ƙungiyar da ta tara yara 40 alhali 11 ne ke shiga fili, benci take sayarwa.

5. Lokacin atisaye. Kada ya ci karo da boko ko Islamiyya ko lokutan salla. A watannin bazara, lokacin da zafi kan haura maki 40 a wurare da dama na arewa, a yi atisaye da sanyin safiya ko bayan la'asar, da isasshen ruwan sha. A watan azumi a sassauta.

6. Lafiya. A samu akwatin taimakon gaggawa da wanda ya iya aiki da shi, a kuma san asibitin da za a nufa. Yana da kyau likita ya duba yaro kafin ya fara, musamman mai ciwon sikila ko asma ko wanda ya taɓa sumewa. Rasuwar Samuel Okwaraji a filin wasa na Legas ranar 12 ga Agusta 1989, ana tsakiyar wasa da Angola, ta nuna cewa ciwon zuciya kan ɓoye a jikin mai ƙarfi. Yaron da ya bugu a kai a fitar da shi nan take. Amurka ta hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa sa wa ƙwallo kai tun 2015.

7. Kuɗi. A rubuta duk abin da za a biya a shekara tun farko, a riƙa ba da rasit.

8. Tsaron yara. Babu tafiya sai da izinin iyaye da manya aƙalla biyu. Ƙungiyar 'yan mata ta kasance da mace a cikin masu kula da su. FIFA ta fitar da tsarin kare yara a wasanni a shekarar 2019, kuma waɗannan na cikin manufofinsa.

A ƙarshe a saurari yaron kansa. Idan yana ɗokin zuwa fili yana dawowa da fara'a, alama ce mai kyau. Idan ya fara ƙirƙiro ciwon ciki duk ranar atisaye, akwai abin bincike.

Yadda Ake Sauya Ƙungiya

Ba kowane ɓacin rai ne ke wajabta sauyi ba. Zaman benci na mako biyu ko faɗan koci a kan makara ba dalili ba ne. Da farko uba ya nemi ganawa da koci a natse, ba a bakin fili ranar wasa ba, ya tambayi abin da yaron ke buƙatar gyarawa, a ba juna wa'adi. Idan wa'adi ya cika ba a ga canji ba, sai a nemi wani wuri, kuma ya fi kyau a yi haka a ƙarshen kaka. Amma idan duka ne, ko cin zarafi, ko neman rage shekaru, ko hana karatu, a janye yaro ba tare da jinkiri ba.

A sanar da ƙungiya a rubuce, a biya bashin da ke kai, a mayar da kayanta, a karɓi takardar sallama. Kada a taɓa ba ƙungiya asalin takardar haihuwa ko fasfo ta riƙe. Kwafi ya wadatar. Kada a sa hannu ko a dangwala yatsa a kan takardar da ba a karanta ba, a kai wa lauya ko wani amintacce ya fassara ta tukuna. Idan ƙungiya ta ƙi sakin yaro ko ta ɗora wa iyaye kuɗin sallama, a kai ƙara hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha. Sau da yawa ƙaramar ƙungiya kusa da gida, inda yaro zai riƙa buga wasa kowane mako yana kwana a gaban iyayensa, ta fi mai suna da ke nesa amfani.

Gudummawar Ƙananan Hukumomi da Sarakuna

Jami'in wasanni na ƙaramar hukuma zai taimaka ƙwarai idan ya buɗe kundin sunayen ƙungiyoyin yara da ke yankinsa, da masu horar da su, da filayen da suke amfani da su. Sakataren ilimi da shugabannin makarantu na iya gindaya sharaɗin cewa ba za a ba ƙungiya filin makaranta ba sai 'yan wasanta na zuwa aji. A gasar cin kofin shugaban ƙaramar hukuma ko na hakimi, a riƙa tantance shekaru da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tare da rajistar makaranta, maimakon takardar rantsuwa kaɗai. Wannan ya sa yi wa jarirai rajistar haihuwa a kan lokaci ya zama abin da dagatai da masu unguwanni za su riƙa tunatar da jama'a.

Duk baƙon da ya zo shirya gwajin zaɓen yara yana karɓar kuɗi, a nemi ya nuna izinin hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha kafin a ba shi fili. Inda aka ga alamar yunƙurin fitar da yaro waje ta ɓarauniyar hanya, a sanar da 'yan sanda, ko Hukumar Shige da Fice, ko hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP, wadda aka kafa a shekarar 2003.

Kammalawa

Ƙwallon ƙafa na gina jiki, yana koya wa yaro haƙuri da biyayya da aiki tare da jama'a, yana kuma ɗauke shi daga zaman banza. Wannan riba kowane yaro na iya samunta, ko ya zama ƙwararre ko bai zama ba. Ana kira ga iyaye da su riƙa ziyartar fili, su riƙa tambaya, su riƙe takardun 'ya'yansu a hannu, su kuma fifita karatu. Mai neman ƙarin bayani na iya tuntuɓar sashen wasanni na ƙaramar hukumarsa ko ofishin hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha.